Tsakanin Ƙofar Makaranta da Ƙofar Gida

Ra'ayin Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta

Wannan makon allonmu ba shi da kacici-kacici, ba shi da labarin ƙwallo. Da gangan muka cire su, saboda maganar da muke tafe da ita ta cinye takardun duka. Muna roƙon duk wanda ya tsaya a gaban allon nan ya daure ya karanta har ƙarshe, in lokaci ya ƙure masa ya dawo idan an fita tara ya ƙarasa.

Akwai kujera ɗaya a aji biyar da ta shafe wata biyu babu kowa a kanta. Duk mun san mai ita, kuma ya roƙe mu kada mu rubuta sunansa. Ranar wata Alhamis aka tashi, suka hau babur su uku, shi ne na can baya, jaka a kafaɗa, ƙafarsa ɗaya ko wurin takawa ba ta samu ba. Ba su yi nisa da ƙofar makaranta ba wani mai adaidaita sahu da ke gabansu ya tsaya ɗaukar fasinja. Mai jan babur ɗin ya damƙe birki a kan yashin gefen titi, babur ya zame da su. Biyu suka miƙe da ƙujewa a hannu da gwiwa. Na ukun bai iya miƙewa ba, cinyarsa ta karye. An yi masa aiki an sa ƙarfe, yanzu da sanduna yake takawa, kuma ranar da 'yan ajinsu suka zauna jarrabawar kwalifayin yana kwance a gadon asibiti.

Da muka je duba shi ya gaya mana abin da ya sa muka yanke shawarar yin wannan rubutu. Shi bai taɓa jan babur ba a rayuwarsa. Kuɗin adaidaita ya so ya ajiye a ranar, aka ce masa ya hau, ya hau. Ya ce tun da suka bar ƙofa ya ji gudun ya yi yawa, ya so ya yi magana, amma ya ji kunyar kada a ce masa matsoraci. Abin da aka kashe a kan ƙafarsa zuwa yau ya isa ya biya masa kuɗin adaidaita har ya gama sakandare, da ragi.

Duk wanda ya zo gaishe shi kalma ɗaya yake faɗa, ƙaddara ce. Mun yarda, babu abin da ke samun bawa sai da sanin Ubangijinsa. Amma mu da muke tsayawa a bakin ƙofar nan kullum mun ga yadda abin ya faro. Ra'ayinmu shi ne, yawancin haɗarin babur da ke samun ɗalibai a ƙofar makaranta ake ƙulla shi, a gaban idonmu, kuma da hannun mutane da yawa a ciki: mai ja, da mai hawa baya, da mai tafi, da wanda ya ba da mukulli a gida. Tunda da hannunmu ake ƙulla shi, da hannunmu za a iya warware shi.

Abin da ke faruwa idan an kaɗa ƙararrawa

Ba za mu kawo muku lissafi ba, ku je ku gani da idonku. Yau idan an tashi, ku tsaya a gefen ƙofa na minti goma kacal, ku ƙirga babura nawa suka fita, nawa ne ke ɗauke da mutum uku ko huɗu, mutum nawa ne ke sanye da hular kwano, nawa ne ke da madubi, nawa ne mai jansu ya kai shekara goma sha takwas. Ku duba ƙafafu ku ga silifas nawa ne. Ku lura da wanda ke murɗa totur yana tayar da ƙura, da wanda ke ɗage tayar gaba, da wanda ke sakin hannu biyu, sannan ku waiwaya ku ga su wa ke yi musu ihu da tafi. Mu ne. Wasu daga cikin masu wannan rubutu ma sun taɓa tafawa, ba za mu ɓoye ba.

Yayyenmu suna ba mu labarin lokacin da Kano ta cika da 'yan acaɓa. A watan Janairun 2013 gwamnatin jiha ta hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birni saboda matsalar tsaro, adaidaita sahu ta karɓe aikin. Sana'ar ta ragu a cikin gari, amma babur bai bar gidajenmu ba. Yana nan a zaure, na Baba ne ko na Yaya, kuma idan babu mai fita da shi da safe, yaro ɗan shekara goma sha biyar ne ke ɗaukar mukulli. Ɗan acaɓa ko ba komai ya yi shekaru a kan titi, ya san halin direban tifa da na bas. Ɗan aji huɗu a layin gidansu ya koya, cikin mako ɗaya, wurin abokinsa wanda shi ma haka ya koya.

Dokar ƙasa a fili take. Ba a ba wanda bai kai shekara 18 ba lasin tuƙi, kuma babur yana da nasa lasin, rukunin A. Dole ne mai ja da wanda aka goya su sa hular kwano. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ita ke da alhakin tabbatar da wannan a manyan hanyoyi, a cikin Kano kuma ga 'yan Karota. Amma ba tsoron kamu muke so ya hana ku ba, domin kowa ya san lungun da zai bi ya kauce musu. Akwai wata dokar da ba a kauce mata ta lungu, ita ce wadda ake koya mana a ajin kimiyya.

Lissafin da muka riga muka sani

Mu ɗauko darasin gudu da nisa da aka yi mana. Babur da ke tafiyar kilomita 60 a awa yana cin mita dubu sittin a cikin daƙiƙa 3,600. Ku raba da kanku, za ku samu kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, wato kamar tsawon ajinmu biyu a jere. Daga lokacin da ido ya ga akuya ta shigo titi zuwa lokacin da hannu zai kai ga birki, daƙiƙa guda ta wuce ko fiye. Kafin birki ya fara aiki ma an riga an ci ajin nan biyu. Idan kuma mai ja yana waiwaye yana hira da na baya, ko waƙa na tashi a kunnensa, ko yana duba waya, sai ku ƙara wasu ajujuwan.

Bayan birki ya kama, akwai wani lissafin. Idan aka ninka gudu sau biyu, nisan da babur zai ci kafin ya tsaya yana ninkuwa sau huɗu ne. Shi ya sa wanda ke tafiya a kilomita 30 yake tsayawa ya yi tsaki ya wuce, wanda ke kan 60 a daidai wurin kuma sai dai a ɗauke shi. Wanda ya daki abu yana gudun kilomita 50 a awa, ƙarfin dukan daidai yake da na wanda ya faɗo daga tsayin kusan mita goma, kamar saman bene mai hawa uku. Babu ɗayanmu da zai yarda ya diro daga can don abokai su tafa masa.

Mota tana da ƙafa huɗu, da ƙarfe da ya kewaye na ciki, da bel. Babur ƙafa biyu gare shi, kuma abin da ke taɓa kwalta daga kowace taya bai wuce tafin hannu ba. Yashin da iska ke tarawa a gefen titi, ko baƙin mai da ya zube kusa da masu faci, ko ruwan farko na damina da ke taso da maiƙon kwalta, kowanne ya isa ya raba tayar da ƙasa. Birkin gaba shi ke da mafi yawan ƙarfin tsayar da babur, amma wanda ya damƙe shi lokaci guda a kan yashi ko a cikin kwana, tayar gaba za ta zame nan take. Mai ja da ya ƙware yana matsa birki biyun ne a hankali a hankali, kuma wannan abu ne da ake koya, ba a haihuwar mutum da shi.

Goyon mutum biyu ko uku yana ƙara dagula lissafin. Nauyi yana komawa baya, gaba ya yi sakayau, kan babur ya daina jin magana. Birki yana buƙatar ƙarin nisa. Mai ja yana matsewa har kan tanki, hannunsa ba ya iya juyawa yadda ya kamata. Na can baya kuwa ba shi da abin riƙewa, ba shi da wurin taka ƙafa, shi ake fara watsarwa. Abin da ya sami ɗan uwanmu ke nan.

Sai manyan motoci. Direban tirela ko tifa yana da wuraren da ba ya ganin komai ko ya duba madubi: dab da bayansa, da gefensa na dama, da ƙasan hancin motar. Idan ba ka hango fuskarsa a madubinsa ba, to shi ma bai gan ka ba. Kuma doguwar mota idan za ta sha kwana, takan buɗe waje guda kafin ta karya, tayoyin bayanta su share wurin da ka ga kamar fili ne. Kutsawa ta wannan tsakanin ya ci mutane da yawa waɗanda suka fi mu iya babur.

Hular kwano

Ƙashi idan ya karye ana ɗora shi. A nan Kano muna da Asibitin Ƙashi na Dala, kuma duk wanda ya taɓa zuwa dubiya can ya ga matasa kwance da ƙafa a rataye. Suna shan wuya, amma da yawa suna warkewa su koma gida. Ƙwaƙwalwa ba haka take ba. Abu ce mai taushi da ke zaune cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai. Idan kai ya daki kwalta ya tsaya cak, ita ba ta tsaya ba, sai ta daki ƙashin daga ciki. Abin da ya lalace a can ba shi da mai ɗori. Wani ya rasu, wani ya rayu amma magana ta tafi, ko tunani, ko ɓarin jiki.

Aikin hular kwano shi ne ta karɓi dukan a madadin kai. Ɓawon waje mai tauri yana baza ƙarfin dukan ya hana abu mai tsini shiga, farin abin da ke ciki mai kama da soso kuma yana murƙushewa ya shanye ƙarfin kafin ya kai ga ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sa hular yadda ya dace yana iya rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da kusan kashi 74 cikin ɗari. Ita ce kuma ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara a duniya, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ku duba shekarun nan da kyau. Daga ɗan aji ɗaya har malaman da ke yi mana bautar ƙasa, duk muna ciki.

A farkon 2009, lokacin da aka fara tilasta sa hular a Najeriya, wasu masu babura a Kano sun riƙa kifa ƙwarya a kai suna ɗaure ta da igiya don su wuce jami'ai, har labarin ya kai kafafen yaɗa labarai na ƙasashen waje. Idan aka ba da labarin yanzu dariya ake yi. Amma abin da muke yi bai fi nasu ba: mai rataye hula a hannun babur, da mai ɗora ta a kai ba tare da ya ɗaure igiyar haɓa ba, da mai sa hular magina. Hular da ba a ɗaure ba ita ke fara tashi kafin kai ya isa ƙasa. Hular magina an yi ta ne don dutse ko ƙarfe da ke faɗowa daga sama, ba ta da abin cikin da ke shanye duka. Kuma hular da ta taɓa shan mummunan duka ta gama aikinta ko da ba a ga tsagewa ba, sai a canza ta.

Uzurin da muke ji

Mun zagaya ajujuwa mun saurari masu babura, kuma ba duk abin da suka faɗa ne shirme ba.

Na farko, kuɗin mota. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin adaidaita ya tashi, kuma gidan da ke da yara huɗu a makaranta ya san abin da yake kashewa a mako. Wasu daga nesa suke zuwa, idan suka taka da ƙafa sai sun makara, a tare su a ƙofa. Uban da ya ba ɗansa babur ya ce ya kai ƙannensa ba mugunta ya yi ba, lissafin aljihu ya yi. Mun fahimci wannan. Abin da muke cewa shi ne a sa ɗayan lissafin ma a sikeli: kuɗin hoto, da na aiki, da na magani, da watannin da uwa za ta yi tana jinya, da shekarar karatu da za ta iya salwanta. Hular kwano mai kyau tana da tsada, amma ba ta kai kuɗin kwana ɗaya a ɗakin tiyata ba.

Na biyu, zafi. Gaskiya ne, a watan Afrilu da rana tsaka hular ba ta da daɗi. Wasu kuma suna ƙyamar sa wadda wani ya cire, saboda gumi da cutar fata. Maganin wannan shi ne kowa ya mallaki tasa, ko a sa ƙyalle mai tsabta a ciki. Tafiyar gida minti goma sha biyar ce ko ashirin, gumin yana bushewa kafin a zuba abinci.

Na uku, masu cewa su sun iya. Wataƙila sun iya ɗin. Amma titi ba naka ba ne kai kaɗai. Iyawarka ba ta hana mai mota buɗe ƙofa ba tare da ya duba ba, ba ta hana yaro ya biyo ƙwallo da gudu, ba ta cike ramin da ruwa ya rufe. Ku lura da dattawan da suka yi shekara talatin a kan babur, irin malamanmu da ke zuwa da nasu. Su ne suka fi kowa tafiya a hankali, domin sun ga abin da mu ba mu gani ba.

Na huɗu shi ne wanda ya fi yawa: in kwana ya ƙare ko a kan gado kake sai ka tafi. Haka ne. Amma a darasin addini an koya mana cewa mai raƙumi ɗaure shi yake fara yi sannan ya dogara ga Allah, kuma jikin nan amana ne da za a tambaye mu a kansa. Mai wannan magana yana kulle babur ɗinsa da kwaɗo idan zai shiga aji, bai taɓa barin sa a buɗe ya ce in rabon ɓarawo ne zai ɗauka ba. Yana tsare babur, ya bar kan da ke jan babur ɗin. Sannan ko mutum ya yarda ya yi ganganci da ransa, ran wanda ya goya da na tsohuwar da ke tsallaka titi ba nasa ba ne.

Ga wanda aka goya

Yawancinmu ba mu da babur, hawa baya muke yi, don haka wannan sashen namu ne. Wanda ke baya yana da baki. Idan ka ga gudu ya yi yawa, ka ce a rage. Idan an ƙi, ka ce a sauke ka. Idan ka tarar an riga an goya mutum ɗaya, ka haƙura. Idan ka ga idon mai ja ya canza, ko ka san yana shan ƙwaya irin su tiramol, kada ka hau ko ɗan gidanku ne. Za a yi maka dariya, za a ce maka matsoraci, gobe kuma an manta. Ɗan uwanmu wannan kalmar ya guje wa, ga shi wata biyu yana biyan kuɗinta.

'Yan uwanmu mata da ake kawowa a babur, akwai haɗari naku na daban. Dogon hijabi, ko bakin zani, ko gyale da ke lilo yana iya shiga tayar baya ko sarƙa, ya fizgo mutum ƙasa ta wuya cikin ƙiftawar ido. Kafin babur ya tashi, ku tattara hijabin ku riƙe shi a cinya, ku tabbatar babu abin da ke reto a gefen taya. Idan Baba ko Yaya yana sauri, ku ce ya ɗan dakata. Ku kula da salansa ma, tana ƙona ƙwauri. Kuma kada a ɗora ƙaramin yaro a kan tanki, domin idan aka ci birki shi ne zai fara tafiya gaba.

Idan abin ya faru a gabanmu

Ranar da ɗan uwanmu ya faɗi, abu biyu aka yi da bai kamata ba. Wasu sun ciro waya suna ɗaukar hoto, wasu kuma da kyakkyawar niyya suka ciccibe shi suna so ya tsaya da ƙafarsa. Mu riƙe waɗannan:

A fara tsayar da motocin da ke tahowa don kada a sake bi ta kan wanda ya faɗi. Kada a ja shi, kada a miƙar da shi, kada a juya wuyansa, sai dai in barin sa a wurin ya fi haɗari. Idan yana sanye da hula kuma yana numfashi, a bar masa ita. Idan jini na zuba, a danne wurin da ƙyalle mai tsabta a riƙe. Kada a ɗura ruwa a bakin wanda ba ya cikin hayyacinsa. A kira malami ko wani babba nan take, a kira 122, lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, kyauta ce.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba. Wanda kansa ya bugu yana iya miƙewa ya karkaɗe riga ya ce lafiyarsa lau, alhali jini na taruwa a cikin kansa a hankali. Idan bayan faɗuwa ya fara amai, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko barci mai nauyi, ko magana ta rikice, asibiti za a nufa a lokacin, ba a jira gari ya waye. Wanda ya faɗi ya ɓoye wa iyayensa don tsoron faɗa, wannan ɓoyewar ta fi faɗuwar haɗari.

Roƙonmu

Ga shugaban makaranta da malamanmu, cikin girmamawa: muna roƙon a hana shigowa da babur ga ɗalibin da bai kai shekarun lasin ba, a kuma hana duk babur mai ɗauke da fiye da mutum biyu ko marar hula fita ta ƙofar nan. Mun san wasu za su koma ajiyewa a bayan katanga, shi ya sa muke so a kai maganar taron iyaye da malamai, inda masu ba da mukullin suke. Muna roƙon a duba lamarin waɗanda ke zuwa daga nesa, domin tsoron bulalar makara yana cikin abin da ke sa gudu da safe. Muna kuma roƙon a gayyato jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra su yi mana bayani a taron safe, a buɗe mana ƙungiyar kiyaye haɗurra kamar yadda wasu makarantu suke da ita. Malamanmu masu babura, muna kallonku. Ranar da muka ga kun shigo da hula a ɗaure, maganar za ta fi shiga kunnenmu.

Ga iyayenmu, ta hannun 'ya'yansu da za su karanta wannan: idan babu makawa sai an yi amfani da babur, babba ya kawo yara, ko maƙwabta su haɗa kuɗi su ɗauki adaidaita ɗaya ta wata-wata. Wanda ya sayi babur ya ɗauka cewa hula tana cikin kuɗinsa. A duba birki da taya da fitila da madubi, musamman lokacin hazo da ba a hango nesa.

Ga 'yan aji shida: ranar da za ku rubuta takardar ƙarshe tana matsowa. Mun san abin da aka saba, a rubuce riguna, a fito da babura a jere, a cika titi da ƙara, a yi ta zagaye har magariba. Kun yi shekara shida kuna wahala don wannan rana, iyayenku sun biya kuɗin jarrabawa da ƙyar. Ku yi murna, ku ɗauki hotuna, ku ci abinci tare, amma ku bar baburan a gida. Muna so kowannenku ya zo da ƙafarsa ya karɓi sakamakonsa.

Ga mu duka: mai ganganci don 'yan kallo yake yi. Babu wanda ke ɗage tayar gaba a titin da babu kowa. Daga yau idan wani ya fara, kada mu tafa, kada mu yi ihu, kada mu ciro waya, mu juya mu kama hanyar gida. Mu 'yan wannan ƙungiya mun ɗauki alkawarin haka, mun kuma ɗauki alkawarin ba za mu sake zama mutum na uku a kan babur ba. Mun manna farar takarda a ƙasan wannan rubutu, duk wanda ya yarda da mu ya sa hannu. Wanda kuma yake ganin mun yi kuskure ya rubuto mana, za mu manna amsarsa mako mai zuwa ba tare da mun taɓa ko kalma ɗaya ba.

Likita ya ce ɗan uwanmu zai iya dawowa zango mai zuwa in Allah ya yarda. 'Yan ajinsu suna kwafa masa darussa, wanda ke da hali ya leƙa ya gaishe shi. Allah ya ba shi lafiya, ya kiyaye mana hanya, ya mai da kowa gidansu lafiya.